Gwaggo Mai Kore Huɗu

Wata goma sha ɗaya ke nan rabon da Inna ta kira ni Auta. Idan na shiga gaishe ta da yamma sai ta gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah. Wurin wa ka zo?" Wani lokaci takan ɗauke ni mai karanta mita, ta yi mini ƙorafin ɗauke wuta, ni kuma in ba ta haƙuri a madadin hukuma. Wata rana ta dubi Yaya, babbar 'yarta da ke zaune da ita tun rasuwar Baba, ta ce, "Ba wa baƙon nan ruwa, da ganinsa ya sha wahala." A nan kam ba ta yi kuskure ba.

Abu ɗaya ne bai ɓace mata ba. Kullum da rana ta yi sanyi sai ta karkata kunne wajen ƙofar gida ta ce, "Gwaggo ba ta dawo ba?"

Gwaggo mota ce. Baba ne ya raɗa mata sunan, ya ce halinsu ɗaya da ƙanwar mahaifinsa: ko wane rami sai ta yi mita, amma ba ta taɓa fasa tafiya ba. Ya saye ta a hannun wani tun kafin a haife ni, ya tuƙa ta kusan shekara arba'in. Da ya rasu muka tura ta bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, inda ta shekara goma sha huɗu tana renon kaji.

Likitan Inna ne ya jawo mini. Ya ce wani lokaci abin da mutum ya saba da shi yakan buɗe masa wata ƙofa a ka. Ya faɗa ne yana rubutu, ko ɗagowa bai yi ba, irin maganar da ake yi don kada ɗaki ya yi shiru. Ni kuwa na ɗauke ta na kai gida. Na ce a raina, idan Inna ta ga Gwaggo ta shigo da ƙafarta, kuma ni ne a ciki, wataƙila ta tuna waye ni.

"Kai?" in ji Yaya. "Kai da ko ƙwan fitila ya mutu sai ka kira mai gyara?"

"Ai ba ni zan kwance ta ba. Ni zan tsaya a kai."

"To Allah Ya ji ƙan Gwaggo."

Ni aikina duba kurakurai ne a wata maɗaba'a. Shekara ashirin da shida ina cin abinci da wasalin da wani ya manta. Idan aka kawo shafi, ba na ganin abin da aka rubuta, abin da aka ɓata nake gani. Da wannan idon na ɗaga tamfol ɗin da ke kan Gwaggo, na ga shafin da ya fi kowane shafi kuskure a rayuwata.

Aka jawo ta da igiya zuwa garejin wani bakanike da ake kira Na-Kwance, don ba a cika samunsa a tsaye ba. Wata biyun farko tafin takalminsa na sani, sai muryarsa da ke fitowa daga ƙarƙashin mota kamar daga rijiya. Ranar da ya fito na ga fuskarsa, sai da na sake gabatar da kaina.

Ba zan gajiyar da kowa da labarin inji ba, tunda ni ya riga ya gajiyar da ni. A taƙaice, tsatsa ta cinye ƙasan wurin ƙafa har kana ganin hanya, ɓera ya yi gida mai ɗaki uku a kujerar baya, kuma duk abin da aka kwance sai ya haifi wani abin da za a kwance. Duk Asabar ina kan benci a garejin, tsakanin tulin taya da durom ɗin baƙin mai, ina kallon ƙafafun Na-Kwance. Idan na dawo gida da baƙi a gwiwar wando, uwar yara takan tare ni a bakin ƙofa da fuskar jaje.

"Sannu. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"An ce yaushe za a sallame ta? Ko mu kai mata kayan dubiya?"

A wata na biyar inji ya tashi. Na ɗauka an gama. Sai Na-Kwance ya ja ni baya taku goma, ya ce in dubi motar daga gaba.

"Me ka gani, Malam?"

"Mota."

"Sake kallo."

Ta karkace. Gefen direba ya sauka ƙasa kamar mai ɗauke da bokitin ruwa a hannu ɗaya.

"Marigayi shi kaɗai yake zama a kujerar nan, ko su biyu ne?"

"Shi kaɗai. Yana da jiki."

"Allah Ya gafarta masa, ya yi aiki. Sifirin ɗin gefen nan, ƙarfen da ke ɗauke nauyin mota a kan taya, ya durƙusa, shokazoba ta mutu tun kana makaranta, robobin kuwa sun zama gari. Danna nan ka ji."

Na danna kan taya da hannu biyu. Gwaggo ta yi wani dogon kuka, ƙiiiƙ, sannan ta ce ƙau. Wani abu ya taɓa ni a ƙirji, amma na ɗauka hawan jinina ne.

"Za a iya cire wannan kukan?"

"Aikina ke nan."

Neman sifirin ɗin motar da kamfaninta ya manta ya taɓa ƙerawa ya ci mana wata biyu. Na farko da muka samo ya yi tsayi, bayan motar ya ɗaga sama kamar kaza tana tsattsaga. Na biyu ya yi laushi, idan ka taka birki sai ta yi ta rusunawa tana gaishe da mutanen titi har sau uku. Na uku a wata kasuwar tsofaffin ƙarafa na tono shi, bayan na yini ina tsallake gawarwakin motoci, na bar rabin ƙafar wandona a jikin wata waya. Shi ne ya zauna.

Na-Kwance ba ya yarda da ma'auni. Kofin shayinsa na gilashi ya cika, ya ɗora a tsakiyar rufin motar, ya durƙusa yana kallon bakin ruwan. Ya danna gaba, ya danna baya. Ruwan ya girgiza ya koma daidai. Ba kuka, ba ƙau.

"Ko ranar da ta fito daga kamfani ba ta kai haka ba," ya ce, ya ɗauke kofin ya shanye.

Saura fenti. Mai fentin yana can ƙarshen layin, wani siririn dattijo da ake ce wa Malam Ido, mai tabarau a ɗaure da zare. Ya zagaye motar sau biyu hannu a baya, kamar mai duba gonar gado.

"Ka ce koriya kake so."

"Eh."

"Wacce? Kore huɗu ne a jikinta. Na rufi ya koɗe ya kusa zama toka. Na bonet ya ƙone. Na jiki yana nan tsaka-tsaki. Sai kuma wannan." Ya tsaya a ƙofar baya ta gefen direba, ya shafa ta da yatsa, ya janye da sauri kamar ta cije shi. "Wannan wane maƙiyin Allah ne ya yi ta? Fentin gida ne. Da buroshi. Ga gashin buroshin nan ma a ciki."

"Babana ne."

"Allah Ya kai haske kabarinsa," in ji shi, ba tare da ya janye maganar ba.

Labarin ƙofar nan nawa ne. Ina ɗan shekara goma sha bakwai, wata rana Baba yana barcin rana, na zare makulli daga aljihun rigarsa da ke rataye. Niyyata in kai ƙarshen layi in dawo, don wata yarinya mai leƙe ta taga ta gani. Zuwa na yi lafiya. A dawowa na haɗa ƙofar baya da ginshiƙin ƙofar gida. Baba bai dake ni ba, da ma ya daka. Ya buga lanƙwasar da guduma da kansa, ya ɗauko ragowar fentin da aka shafa wa tagogin gidanmu, ya sa ni riƙe gwangwanin yana shafawa. Ya ce ba za a kai ta wurin mai fenti ba, haka za ta zauna, don duk sanda na gan ta in tuna. Haka kuwa ta zauna. Da ita aka kai ni jami'a, da ita aka je ɗauko matata. Duk wanda ya tambaya, Baba yakan nuna ni da haɓa ya ce, "Sa hannun Auta ne."

Malam Ido ya buɗe murfin wurin zuba mai, ya lasa babban yatsa, ya goge cikinsa. Wani kore mai duhu ya fito, mai sheƙi kamar ganye bayan ruwa.

"Ga gaskiyarta," ya ce. "Mu nan muke dubawa, inda rana ba ta taɓa gani ba. Duk sauran ƙaryar shekaru ce."

Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai. Mai duba kuskure ba abin da yake so kamar a nuna masa asali.

"Haka za a yi ta duka," na ce. "Ƙofar nan kuma a kankare ta har ƙarfe."

Ya dube ni ta saman tabarau.

Kwana tara yana haɗa launin. Ba ya haɗawa sai da hantsi, a inuwar bango, don ya ce rana tsaka tana ƙara wa kore rawaya, yamma kuma tana munafunci. Yakan fesa a 'yan guntayen kwano ya rataye su a waya kamar shanya, washegari ya kara su da murfin man ɗaya bayan ɗaya. Ni duk iri ɗaya nake ganinsu. Idan na ce, "Ai wannan ya yi," sai ya ce, "Malam, je ka duba wasalinka." Digo biyu na baƙi, digo ɗaya na shuɗi, a sake. A rana ta tara ya kara, ya cire tabarau ya goge.

Da aka gama feshi aka yaye takardun da aka rufe gilasai da su, mutanen layin suka taru. Wani ya ɗauki hoto. Na tsaya a gefen ƙofar baya na ga fuskata a ciki, sumul, ba gashin buroshi. Na ji wani nauyi na shekara talatin da biyar ya sauka. Har na fara tunanin ko ni mutum ne mai iya kammala abu.

Ranar Asabar da yamma na sa sababbin kaya, na tuƙa ta zuwa gidan Inna. Na tsallake kwalbatin bakin ƙofa ba ko motsi, kamar na hau katifa. Na tsaya a tsakar gida, daidai inda Baba yake tsayawa, na bar hannuna a kan sitiyari yadda yake yi. Yaya ta riƙo Inna suka fito a hankali.

Inna ta dubi motar. Ta dube ta sosai, daga gaba har baya. Sannan ta dube ni.

"Masha Allah," ta ce. "Bawan Allah, motarka ce?"

"Inna, Gwaggo ce."

Ta yi murmushin da ake yi wa wanda ya faɗi shirme a gidan mutane. Ta juya ga Yaya, ta rage murya, amma ba yadda ba zan ji ba.

"Ki lallaɓa shi ya matsar da ita waje. Yanzu babanku zai dawo, ya rasa inda zai ajiye mota."

Na matsar da ita waje. Na dawo na zauna a kicin a kan wata 'yar kujera, cikin sababbin kayana. Yaya tana wanke tukunya, ta ba ni baya.

"Ka san Inna ba ta taɓa fita kallon motar nan ba?" ta ce daga baya. "Daga nan take sanin ya dawo. Tana jin ƙiiiƙ-ƙau a kwalbati sai ta ce a ɗora ruwan zafi. Idan ta leƙa ta tagar nan, ƙofar bayan ce saitinta. Kullum sai ta yi tsaki ta ce, yaron nan."

"Amma asalin launinta ke nan. Mai fentin ya nuna mini."

"Asalin wa? Mu mun taɓa ganinta haka? Baba ma bai gan ta haka ba, a koɗe ya saye ta." Ta kife tukunyar. "Motar wani bature ka gyara, Auta, wanda ba mu san shi ba. Ta yi kyau dai."

Na so in yi gardama. Na duba ko'ina ban sami inda zan sa jan biro ba.

Da na koma gida uwar yara ta buɗe baki za ta tambayi mai jiki, ta ga fuskata, ta rufe. Ta kawo mini shayi, ta zauna kusa da ni. Can ta ce, "To yanzu sai ka mayar da ita yadda take."

"Wata tara fa."

"Ɓatawa ba ta kai gyara daɗewa. Kai ma shaida ne, da rana ɗaya ka yi ta farko."

Ranar Litinin na ɗauki izini a wurin aiki, na je gareji. Na sami Na-Kwance a zaune, abin mamaki, yana cin burodi.

"Ina tsohon sifirin ɗin nan?"

"Wanne?"

"Na gefen direba. Wanda ya durƙusa."

Ya nuna ƙarƙashinsa. Ya ɗora masa katako ya mai da shi kujera. Ashe wata biyu yana zaune a kan aikin Baba.

"Ina so a mayar da shi."

Ya daina tauna. "A mayar da shi ina?"

"Inda yake. Da kukan."

"Malam, ka ci abinci yau?"

Na ba shi labari. Ban iya ba da labari da baki ba, na yi ta kwan-gaba kwan-baya, har da yarinyar taga da ba ta da wani amfani a zancen. Ya saurara yana kallon burodinsa. Da na gama ya tashi, ya ɗauke katakon ya jingine.

"Shekara talatin ina kashe kuka a mota," ya ce. "Yau an kawo mini kwangilar rayar da shi. Tawa tsohuwar ta rasu ina ƙarƙashin wata tifa, sai da aka jawo ni ta ƙafa aka faɗa mini. Kawo jak."

Mayar da sifirin bai ɗauki awa biyu ba. Gwaggo ta koma ta karkace, kamar ta sauke ajiyar zuciya. Amma kukan ya ƙi zuwa. Robobin da aka cire tun tuni aka share su. Na-Kwance ya zazzage wani buhu na matattun robobi da ya tara daga motoci daban-daban, ya fara gwadawa ɗaya ɗaya. Shi yana ƙasa, ni ina kujerar direba ina tsalle a zaune, wayata a kan bonet a buɗe, Yaya tana saurare daga kicin ɗin Inna.

"A'a," in ji Yaya. "Wannan ƙofar banɗaki ce."

Aka canja.

"Wannan kamar an taka wutsiyar mage."

Aka canja. Masu wucewa suka fara tsayawa kallon dattijo mai furfura yana sukuwa a motar da ba ta tafiya.

"Wannan ya kusa. Gwaggo ce, amma tana budurwa. Kuma ina ƙau ɗin?"

Na-Kwance ya turo kansa waje, ya auna ni da ido daga sama har ƙasa.

"Ba roba ba ce matsalar. Kai ne. Ba ka kai ba."

Ya shiga shago ya kinkimo mataccen batir ya ajiye bayan kujerata. Na yi tsalle. Ƙiiiƙ. Ya ƙaro na biyu. Na yi tsalle.

Ƙiiiƙ. Ƙau.

Wayar ta yi shiru. Na ɗauka layi ne ya yanke. Can sai na ji Yaya tana jan hanci, ta ce albasa take yankawa, ta kashe.

Haka na san, ina ɗan shekara hamsin da biyu, iyakar abin da Baba ya fi ni da shi: batir biyu. Na ɗauka zai fi haka.

"Daga nan zuwa gidan tsohuwa kawai," in ji Na-Kwance yana goge hannu. "Giya ta biyu, kada ka wuce. In an tambaye ka wa ya yi maka aikin, ka ce baƙo ne, ya bar gari."

Malam Ido ya fi wuya. Na kwance murfin tagar kicin ɗin Inna guda, wanda tun wancan fentin ba a sake shafa masa komai ba, na kai masa a hammata. Na ce irin wannan nake so, a ƙofar baya.

Ya dubi murfin tagar, ya dubi ƙofar da ya yi kwana uku yana gogewa, ya dube ni.

"Fita."

Na fita. Na zauna a kan dutse a bakin shagon. Bayan kamar rabin awa na ji shi yana magana shi kaɗai. Na leƙa. Ya jingine murfin tagar a inuwar bango, ya durƙusa a gabansa.

"Akwai fari a ciki," yake cewa. "Da hayaƙin girki. Wannan rawayar kuma ta ina ta shigo?"

Kwana biyu ya haɗa shi. Ya ce ba don ni ba, don kada a ce akwai launin da ya gagare shi. Ya kara guntun kwano da tagar, ka rantse daga gwangwani ɗaya suka fito. Amma da na nuna masa bindigar feshi sai ya mayar da hannu baya.

"Hannuna ba zai yi ba. Da wannan hannun nake cin abinci." Ya laluba ƙarƙashin tebur ya ciro wani buroshi da ya fara sanƙo, ya miƙo mini. "Marigayi da ya shafa, cikin fushi yake?"

"Sosai."

"To yi fushi. Sama zuwa ƙasa, kada ka lallaɓa ta."

Ya riƙe mini gwangwanin, ya kau da kai gefe. Na tsoma buroshin na ɗora a kan fuskata da ke cikin ƙofar. Fushi bai zo ba, gajiya ce ta zo, amma a jikin ƙarfe kusan iri ɗaya suke fita. Fentin ya zubo, gashin buroshi ya maƙale, na ɗiga a takalmi. Malam Ido ya saci kallo sau ɗaya ya ce, "Ka gaje shi."

Sauran jikin motar ya ce ba abin da zai iya yi. In ina son koɗewar da, in ajiye ta a rana shekara talatin in dawo. Na bar ta kwana huɗu a bakin gareji ba wanki, ƙurar titi ta yi abin da za ta iya.

Wannan karon ban sa sababbin kaya ba. Daga wurin aiki na biya na ɗauke ta, da koren fenti har yanzu a ƙarƙashin faratana, kananzir ma ya ƙi fitar da shi. Na bi gefen hanya a giya ta biyu, a karkace, masu babur suna wuce ni suna faɗa mini ra'ayinsu. Ban sa rai da komai ba. Na riga na shirya inda zan ajiye ta a waje idan aka ce in matsar.

Rana ta yi sanyi lokacin da na iso. Na saita hancinta, na rage gudu, na hau kwalbati.

Ƙiiiƙ. Ƙau.

Na tsaya a tsakar gida na kashe inji. Ba kowa. Sai na ji murya daga ciki, da ƙarfin da na manta tana da shi.

"Ke! Ɗora ruwan zafi!"

Labulen tagar kicin ya motsa, ta gefen da na cire wa murfi. Na ga fuskarta. Ba ni take kallo ba, ƙofar baya take kallo. Na ji tsakin tun daga cikin mota.

Ta fito ba mayafi, ba wanda ya riƙe ta, Yaya tana binta da hannu a miƙe. Na buɗe ƙofa na sauko. Ta zo har gabana, ta ɗaga kai, don yanzu iyakarta kafaɗata. Ta kamo hannuna ta juya shi, ta ga koren da ke farce.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Auta, wa ya ba ka makulli?"

Ta miƙa hannu ta kama kunnena, sai da na sunkuya don ta kai. Ta murɗa. Yatsunta ba ƙarfi, amma ta san wurin.

"Mutum yana barci ka shiga aljihunsa? Dubi ƙofa. Dubi abin da ka yi wa ƙofa. Kai wai yaushe za ka yi hankali?"

"Na tuba, Inna."

"Rufe mini baki, za ka tashe shi." Ta waiwaya wajen ɗakin Baba, wanda yanzu buhunan gawayi ne a ciki. Ta rage murya. "Ka ji ciwo?"

"A'a."

"Wuce ɗakina. Shiga bayan ƙofa ka zauna, kada in ji motsinka. In ya tashi ni zan fara yi masa magana."

Ta tura ni da tafin hannu a gadon baya. Na wuce ta gaban Yaya, wadda ta toshe baki da gefen zani, ban san dariya take ɓoyewa ko wani abin ba. Na shiga ɗakin. Bayan ƙofar akwai ɗan wuri tsakanin bango da tsohon akwatin ƙarfe, wurin da ya ishe ni a da. Na durƙusa da ƙyar, gwiwata ta yi irin kukan Gwaggo, na zauna a kan siminti.

Inna ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar daga waje, ta tare hanya. Ta tsagar ƙyaure ina ganin bayan kanta da ɗan kitson da ya rage mata. Ban san ko minti nawa abin zai ɗauka ba. Wataƙila ta juyo an jima ta tambayi abin da bawan Allah yake yi a ɗakinta. Likitan bai ce ƙofar za ta zauna a buɗe ba.

Yaya ta leƙo ta taga.

"Sai yaushe za ka fito?" ta ce a hankali.

"Sai ta ce."

"Ƙafarka fa?"

"Ta mutu tun ɗazu. Duba aljihun gaban mota, maganin hawan jinina yana ciki. Miƙo mini ta nan."

"Shhh," in ji Inna, ba ta ko waiwayo ba. "Auta, ba na ce kada in ji motsinka ba?"

Na yi shiru.